Shekara guda a gidan babalawo

Na daɗe ina son in rubuta wannan maganar, sai in fara in goge, saboda na san mutanenmu, da ka ambaci addinin gargajiya na Yarbawa wani zai ce a'uzubillahi ya wuce abinsa, wani kuma ya ce to malam ya fara zamewa. Ni dai musulmi ne alhamdulillahi, a kan haka aka haife ni kuma a kan haka nake roƙon Allah ya karɓi raina, ba tallan wani addini na fito yi ba. Abin da yake damuna shi ne mun yi shekaru aru-aru muna cinikin goro da shanu da mutanen nan, ga Sabo a Ibadan, ga Agege a Legas, su ma ga su nan cike da Kano da Kaduna da Jos har da auratayya, amma in ka tare Bahaushe ka ce me kakannin Bayarabe suka yi imani da shi, amsar ba za ta wuce kalma ɗaya ba, tsafi. In ya ƙara da wani abu to abin da ya gani a finafinan kudu ne, boka da jan ƙyalle da ƙwarya yana ƙyaƙyata dariya.

Ni ma haka nake har lokacin da bautar ƙasa ta jefa ni jihar Osun, wani ƙaramin gari da ba shi da nisa da Oshogbo. Na kama ɗaki a wani gida irin mai dogon lungu a tsakiya ɗakuna na kallon juna, na biya kuɗin shekara, sai bayan kwana uku na gane cewa tsohon da yake zama a kan benci a ƙofar gidan da farin zane a kafaɗa, wanda kowa yake kwanciya rub da ciki ya gaishe shi, babalawo ne, wato malamin duba na addinin gargajiyar Yarbawa. Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba, na tofe ɗakin da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, na ce gari na wayewa zan nemi kuɗina. Gari bai waye ba sai na ji ana ƙwanƙwasa min ƙofa a hankali, da wata Hausa ta mutumin da ya yi fataucin goro a ƙuruciyarsa, yana kirana da sunan da ake kiran 'yan bautar ƙasa: "Kofa, tashi, an kira salla." Shi ne. Ashe babban ɗansa Alhaji ne, 'yarsa ɗaya kuma ba ta fashin coci, duk a gida ɗaya, ran Sallar layya tare ake cin rago.

Ban nemi kuɗin ba. Na zauna, kuma da yake makarantar da nake koyarwa ana tashi da wuri, kusan kullum da la'asar ina kan bencin nan kusa da shi, jikansa wani saurayi ɗan sakandare yana mana tafinta in Hausar Baba ta ƙare ko guntun Yarbancina ya maƙale.

Tambayar farko da na yi masa ita ce wadda kowane musulmi zai yi, Baba alloli nawa kuke da su? Ya ɗaga yatsa ɗaya. Ya ce Olodumare, ko Olorun wato mai sama, ko Eleda wato mahalicci, shi kaɗai ne, ba a sassaƙa masa gunki, ba a gina masa ɗakin bauta, ba wanda ya isa ya ce ga kamanninsa. Wannan sunan Olorun kuwa shi ne dai musulmin Yarbawa da kiristocinsu suke kiran Allah da shi har yau. To su wa ake yanka wa kaji da awaki? Ya ce orisha, su kuma ba su halicci kansu ba, aike ne aka yi da su, kowa da ɓangaren da aka damƙa masa. A baki ana cewa su 401 ne, wasu su ce 201, kuma wannan ɗayan da yake kan lissafin kamar ana nufin ƙirgar ba ta rufe ba ne. A nan ne fa muka rabu da shi kuma na faɗa masa kai tsaye, na ce Baba a wurinmu tsakanin bawa da Ubangijinsa babu ɗan aike da ake yanka wa dabba, wannan shi muke kira shirka. Bai ji haushi ba ko kaɗan, ya ce ya sani, ɗansa Alhaji ya sha faɗa masa. Muka ci gaba da hira.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda kowane orisha yake tafe da wani nauyi na ɗabi'a a kan mabiyansa. Ɗauki Obatala, mai fararen kaya, wanda suka ce shi aka ba aikin gina jikin mutum da yumɓu sannan Olodumare ya hura rai. A labarinsu wata rana ƙishi ya kama shi yana tsakiyar aiki ya sha bammi ya yi tatul, hannunsa ya karkace, ya gina guragu da masu doro da zabiya da wadanni. Da ya wartsake ya ga abin da ya yi sai nadama ta kama shi, ya rantse shi da bammi har abada, ya kuma ce waɗannan mutanen nasa ne, ana kiransu eni orisha, wanda ya taɓa su ko ya yi musu dariya shi ya taɓa. Shi ya sa mabiyansa ba sa shan bammi. Ka duba fa, labari ne da ya ɗauke laifin nakasa daga kan nakasasshe gaba ɗaya ya ɗora a kan mai ginin, ya kuma sa wa jama'a takunkumi. Na tuna yadda yara suke bin zabiya da waƙa a wasu unguwanni, sai na ji kunya ta kama ni.

Ogun shi ne na ƙarfe, na maƙera da mafarauta da direbobi da duk mai cin abinci da ƙarfe, kuma shi ne na rantsuwa, har a kotu mai bin gargajiya ƙarfe ake miƙa masa ya rantse da shi kamar yadda ake miƙa wa musulmi Alƙur'ani. Shango kuma, wanda suka ce ya taɓa zama Alafin na Oyo, shi ne na aradu, kuma ɓarawo da maƙaryaci su ne abokan gabarsa, wannan dutsen da muke kira gatarin aradu su ma sun san shi suna cewa makaminsa ne. Matarsa Oya ita ce ta guguwa, kuma kogin Kwara ma da sunanta suke kiransa, Odo Oya. Ba zan bi su ɗaya bayan ɗaya ba don ba za mu gama ba.

Eshu ne dai sai na tsaya a kansa, domin shi ne wanda aka fi yi wa mummunar fahimta. Na ce Baba shi wannan ai shaiɗan ne ko? Nan ne kaɗai na ga ransa ya ɗan sosu. Ya jawo faifan katakon da yake duba a kai, opon Ifa, ya nuna min wata fuska da aka sassaƙa a bakinsa ta sama, ya ce wannan Eshu ne, yana kallon duk abin da ake yi, shi yake kai hadaya inda aka aika ta, shi yake kai rahoton wanda ya cika da wanda ya saɓa, mazauninsa mararraba, inda mutum yake zaɓar hanya. A tsarinsu babu wani halitta da ya yi wa Olodumare tawaye yake yaƙi da shi. Yadda aka yi sunan ya koma shaiɗan kuwa sananne ne, lokacin da Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben nan da aka kama shi bawa yana yaro a 1821 ya zo ya zama bishop a 1864, suke fassara Baibul zuwa Yarbanci, da aka zo kan shaiɗan sai aka sa Eshu, shikenan sunan ya bi shi, har musulminsu ma haka suke faɗa. Yanzu masu bin gargajiyar suna ta fafutuka a intanet da kan titi suna cewa Eshu ba shaiɗan ba ne. Akwai labarin da suke bayarwa na wasu aminai biyu masu gonaki gefe da gefe da suka rantse ba abin da zai raba su, Eshu ya bi ta kan iyakar gonakin da hula mai launi biyu, wannan ya ce hular baƙa ce wancan ya ce ja ce, har suka ba hammata iska, alhali kowannensu gaskiyar abin da ya gani ya faɗa, rabi ne kawai ya gani.

Yanzu bari in zo kan Ifa, don nan ne rumbun ilimin yake. Orunmila shi ne orishan hikima, suna masa kirari da eleri ipin, wato wanda yake wurin a matsayin shaida lokacin da ake rabon ƙaddara, kuma Ifa ita ce hanyar tambayarsa. Na sha zama ina kallo daga bakin ƙofa in mai zuwan ya yarda. Baba yana da wata sarƙa da ake kira opele, an jera mata ɓarin ƙwallon wani itace guda 8, huɗu ta nan huɗu ta can, sai ya riƙe ta a tsakiya ya jefa a kan tabarma, kowane ɓari ya faɗi ko a buɗe ko a kife. In ka iya lissafi za ka ga abu 8 mai fuska biyu hanyoyin faɗuwarsa 256 ne, to adadin odu ke nan, wato babukan Ifa, manya 16 sauran 240 kuma haɗe-haɗensu ne, na farkonsu Eji Ogbe. In al'amarin babba ne sai a ɗauko ikin, ƙwallayen kwakwar manja 16, ana damƙa ana zana layi a kan wani gari mai ruwan ɗorawa da aka barbaɗa a faifan. Wanda ya taɓa ganin masu bugun ƙasa na wurinmu zai ga kama, su ma gidajensu 16 ne. Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne abin da yake biyo bayan jifan. Kowane odu yana da baitoci masu ɗimbin yawa da ake kira ese, duk a ka ake riƙe su, mutum ya shekara da shekaru yana hadda a gaban malaminsa kafin a sallame shi, sai babalawo ya fara rero su, kowane baiti labarin wani ne da ya taɓa shiga irin wannan matsalar, me aka ce ya yi, ya yi ko ya ƙi, me ya same shi. Tarihi ne da karin magana da magani da shari'a duk a cure. Hukumar UNESCO ta sa Ifa cikin kayan gadon ɗan adam a 2005, kuma Farfesa Wande Abimbola wanda ya taɓa shugabantar jami'ar Ife ya kwashe rayuwarsa yana tattara baitocin nan yana rubutawa. Har Musulunci ya shiga cikin baitocin, odun da ake kira Otura Meji yana maganar musulmi, waɗanda suke kira Imale, kuma a da akan duba wa jariri a ce wannan hanyarsa ta Musulunci ce a kai shi wurin malam.

Wata rana da yamma wani direban bas ya zo, ƙato, idonsa jawur, mota ta ƙi zama lafiya, yau injin gobe taya jibi 'yan sanda, kuɗi ba sa zama a hannu, shi dai ya gama yanke hukunci wani ne a tasha ya sa masa hannu kuma so yake a mayar wa mutumin da abinsa. Ya raɗa wa kuɗinsa maganarsa ya ajiye, don haka ake yi, ba ka faɗa wa babalawo abin da ya kawo ka sai ya fara karanto baitoci kai ka tsinci naka a ciki. Baba ya jefa opele, ya duba, ya yi ta rerawa, can sai ya tsaya ya kalle shi ya ce, "Ɗana, mahaifiyarka tana da rai?" Ya ce eh. "Yaushe rabonka da ita?" Shiru. Jikan yana raɗa min fassara a kunne. Ashe ya fi shekara bai taka ƙauyen ba, sun yi faɗa a kan matarsa ya ɗaga mata murya a gaban mutane ya fita. Baba ya lissafa masa kayan hadaya, ba su da yawa, sannan ya ce amma wannan duk in ka yi ba ka je ka kwanta a gaban tsohuwar nan ba to ka ciyar da Eshu ne kawai ka koma gida da kayanka. Zancen mayar wa wani da sharri kuwa ko kallonsa bai yi ba. Mutumin nan ƙato da shi sai ga hawaye. Bayan ya fita Baba ya juyo ya ce min wata magana da na rubuta a bayan littafin darasina a daren, iwa l'oba awure, wai hali shi ne sarkin duk wani maganin farin jini da sa'a.

To wannan kalma iwa ita ce ta sa na rubuta duk wannan dogon zancen. Iwa shi ne hali. Kuma in ka zauna da masu addinin nan na gaske, ba na fim ba, za ka ji duk inda aka zaga aka zago nan ake dawowa. Suna cewa iwa l'ewa, hali shi ne kyau, daidai da namu na kyan hali ya fi kyan fuska. Suna cewa iwa l'esin, hali shi ne addini. Suna cewa eefin n'iwa, hali hayaƙi ne, duk yadda ka rufe shi sai ya fito, mu kuma muka ce hali zanen dutse. Wanda ake nema shi ne iwa pele, hali mai sanyi, na mutumin da ba ya gaggawa ba ya cin zali ba ya ɗaga kai. Wanda ya samu wannan shi ake kira omoluabi, mu a wurinmu mutumin kirki ke nan ko ɗan halak, mai gaskiya, mai kunya, mai girmama na gaba, mai riƙon amana, mai aiki da hannunsa, wanda ya san abin da zai faɗa da wanda zai haɗiye. In Bayarabe ya ce wa yaro kai ba omoluabi ba ne, ya gama zaginsa har da gidansu.

Akwai labarin Ifa a kan haka da Baba ya ba ni sau ya fi uku, kuma kowane karo kamar ranar ya fara ba da shi. Wai Iwa mace ce kyakkyawa, 'yar Suuru, wato Haƙuri, Orunmila ya aure ta. Tana da nata 'yan nakasu na zaman gida, shi kuma ya kasa jurewa, yau faɗa gobe gori, har ta tattara ta bar masa gidan. Tana fita komai ya watse, masu zuwa duba suka ɗauke ƙafa, arziki ya gudu, gida ya zama kango. Sai ga Orunmila da kansa, uban masu hikima, yana bin gari gari ƙofa ƙofa yana waƙa yana cigiya, iwa, iwa l'a n wa o, iwa, hali muke nema, hali. Yana cewa in kana da kuɗi ba ka da hali kuɗin na wani ne, in kana da 'ya'ya ba ka da hali 'ya'yan na wani ne, in kana da gida ba ka da hali gidan na wani ne. Abin da ya fi kama ni a labarin shi ne ba wani talaka ko wani azzalumin sarki aka sa ya yi wannan kuskuren ba, shi mai Ifa ɗin aka sa, wato ilimi komai yawansa bai tsare mutum daga rasa hali ba. Sannan aka ce uban Iwa shi ne Suuru, suuru ni baba iwa, haƙuri uban hali. Ita kanta kalmar suuru daga sabur ta Larabci ta samo asali, kamar yadda suke cewa alafiya da adura da alubarika, ka ga an daɗe ana cuɗanya.

Sai zancen ƙaddara, wanda nan ma mun sha doguwar hira. Su a wurinsu ori, wato kai, ba wannan ƙoƙon da ake sa wa hula kaɗai ba ne, akwai kai na ciki, ori inu, shi ne rabon mutum, kuma wai kafin a zo duniya kowa yake durƙusawa ya zaɓi nasa. Akwai wani maginin tukwane a sama mai suna Ajala, shi yake gina kawunan, ga shi mashayi ga bashi ya yi masa katutu, wani kan ya gasu da kyau, wani ya ƙone, wani ɗanye, kuma daga waje ba ka ganewa. Abokai uku suka tashi zuwa duniya, biyu suka yi gaggawa suka shiga rumbun Ajala ba ya nan suka ɗauki masu sheƙi, ruwan sama na dukansu a hanya kawunan suka fara zagwanyewa, suka zo duniya suna ta wahala abin da suka samu duk ya tafi wajen cike gurbi. Na ukun, Afuwape ɗan Orunmila, ya tsaya ya nemi shawara, ya bi a hankali, ya tarar da mai gadin ƙofa yana miya da toka ya ba shi gishiri, ya je ya biya wa Ajala bashin da ake binsa, Ajala ya sauko daga inda ya ɓuya ya zaɓar masa kai mai ƙwari da hannunsa. Kai ka ji, ko a wurin zaɓen ƙaddarar ma alheri da haƙuri ne suka yi aiki. Har suna cewa ori ya fi cancanta a yi wa hidima kafin kowane orisha, don abin da kanka bai yarda da shi ba babu orishan da zai ba ka. Na ce to Baba in an riga an zaɓa mene ne amfanin wahala? Ya buga tafin hannunsa a cinyarsa ya ce ese, ƙafa, kai ba ya zuwa kasuwa sai ƙafa ta kai shi. Kuma mummunan hali yana ɓata kyakkyawan kai, mai haƙuri kuma yana lallaɓa nasa ko da bai gasu sosai ba ya kai shi gida. Na ce a raina wannan muhawarar ta ƙaddara da sababi ashe ba mu kaɗai muke yinta ba.

Mutuwa kuma suna da wata magana da kowane Bayarabe ya sani, aye l'oja, orun n'ile, duniya kasuwa ce, sama ita ce gida. Ka zo ka ci kasuwarka ka koma, kuma za ka durƙusa gaban Olodumare ka ba da bayanin abin da ka yi, akwai orun rere na mutanen kirki, akwai orun apadi, sama ta tsingaro, inda ake watsa wanda ya fashe ba ya gyaruwa. Inda muka sha bamban sosai shi ne sun yarda kakanni suna dawowa cikin jikokinsu, shi ya sa kake jin Babatunde, baba ya dawo, da Yetunde ko Iyabo, uwa ta dawo, sunayen da muke kiran abokan aikinmu da su kullum ba mu san me suke ɗauke da shi ba. Abin da muke kira wabi su abiku suke ce masa, har da sunayen lallashi irin Malomo, kar ka sake tafiya, da Durojaiye, tsaya ka ji daɗin duniya, kamar dai yadda ake sa wa namu Ajuji ko Barmini. Dodannin egungun da suke fitowa rufe ruf da tsummoki masu launi kuwa kakanni ne suka kawo ziyara, su yi wa zuriya addu'a su kuma tsawatar wa wanda ya kauce.

Watan Agusta na bi jikan Baba zuwa bikin Oshun, orishar kogin da ake kira da sunanta, a Oshogbo, don in gani da idona. Kurmi ne na gaske a gefen birni, manyan itatuwa da birai suna tsalle a kai, kogin yana ratsawa ta ciki, an hana farauta an hana kamun kifi an hana sare itace, kuma wannan hanin da suke kira eewo shi ya tsare dajin har ya kai yau alhali na kewaye duk sun zama gonaki da gidaje. Wata Baturiya 'yar Ostiriya, Susanne Wenger, ta zauna a garin ta shiga addinin ta haɗu da masu sassaƙa na wurin suka farfaɗo da wuraren bautar, a can ta rasu a 2009, shi ma kurmin UNESCO ta sa shi a jerinta a 2005. Na ga Arugba, budurwar da take ɗauke da ƙwaryar hadaya daga fadar Ataoja, sarkin Oshogbo, zuwa bakin kogi, an rufa mata zane, jama'a maƙil suna biye da ita, na ga mutanen Brazil da Kyuba cikin fararen kaya suna kuka, jikokin bayin da aka kwashe ne, sun riƙe Shango da Yemoja da Ogun a can ƙarƙashin sunan Kandombile da Santeriya. A kan Oshun ɗin nan Ifa yana cewa lokacin da aka aiko orisha 17 su gyara duniya, 16 maza suka ware ta don ita mace ce, duk abin da suka taɓa ya lalace, ruwa ya ƙi sauka, suka koma wurin Olodumare da ƙara ya ce ina ta sha bakwai ɗinku? Sai da suka dawo suka ba ta haƙuri sannan al'amura suka daidaita.

Ba zan ce komai na ciki ya kwanta min ba, ko kusa. Bayan maganar tauhidi da na riga na faɗa, akwai bikin Oro da ake kulle mata a gida a hana su leƙowa, wanda na kasa haɗa shi da wancan labarin na Oshun, na kuma faɗa wa Baba haka. A zamanin da an yi hadaya da mutane a wasu wuraren, wannan tarihi ne ba a ɓoye shi. Sannan ga 'yan damfara da masu kashe mutane don kuɗi da suke fakewa da sunan babalawo, waɗanda in ka ambace su Baba har tofar da yawu yake yi, ya ce wanda ya karɓi Ifa an ɗaure shi da alkawari, ba zai cuci wanda ya zo wurinsa ba, ba zai nemi matar wani ba, wanda ba shi da ko sisi ma dole a duba masa. Na ga hakan kuwa, akwai wata tsohuwa mai tallan ganye da take zuwa, bai taɓa karɓar komai a hannunta ba, wani lokacin ma shi yake cusa mata kuɗin mota. Yanzu jihohi irin su Osun da Oyo da Ogun da Legas suna ba da hutun ranar Isheshe, 20 ga Agusta, don masu wannan addinin, kuma duk shekara sai an yi ta cacar baki a kai a Facebook, yawancin masu zagin da masu karewar in ka karanta za ka ga ba su taɓa jin ko baiti ɗaya na Ifa ba.

Ranar da zan taho bayan an ba mu takardar sallama, na durƙusa na gaishe shi, ya ɗauko goro irin nasu abata mai tsaga huɗu, ba irin namu mai tsaga biyu ba, ya ce wannan na addu'arsu ne ba zai ba ni ba don ya san ba hanyata ba ce, sai ya sa jikan ya sayo min farin goro na ci. Ya dafa kaina ya ce, "Kofa, ka gaida mahaifiyarka, ka riƙe sallarka." Na ce, "To Baba, Allah ya saka da alheri." Ya ce ashe, wato amin ɗinsu.

Shekara uku bayan nan jikan ya kira ni ya ce Baba ya koma gida, haka ya faɗa, ya koma gida. Na tambaye shi wa ya gaji ikin ɗin, ya ce wani ƙanen babansa ne, shi kuma yana koyo a hankali in ya samu hutun makaranta, kuma kafin rasuwar ya ɗauki muryar tsohon a waya yana rera baitoci da dama. Na roƙe shi ya turo min guda ɗaya ta WhatsApp, na cigiyar Iwa. Minti huɗu ne da 'yan daƙiƙoƙi, muryar ta tsufa tana rawa, ana jin kaji a tsakar gida, can wajen ƙarshe kuma ana jiyo ladanin masallacin unguwar yana kiran la'asar.